Kyanwa a gidan haya a Amurka: abin da doka ta tanada da abin da aka janye

A watan Satumban 2025, Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta Amurka, wadda aka fi sani da HUD, ta janye wasu takardun jagora da ta daɗe tana aiki da su. A ciki har da guda biyu, ta 2013 da ta 2020, waɗanda suka fayyace yadda mai gida zai yi idan ɗan haya ya ce lafiyarsa na buƙatar ya zauna da dabba. Tun daga nan zance ya rabu. Wasu masu gidaje suka ɗauka an miƙa musu wuƙa da nama, duk wanda ya zo da kyanwa ko ya biya ko ya ƙara gaba. Wasu 'yan haya kuma suna nan a kan bakansu cewa takardar da suka saya a intanet ta ishe su shiga kowane gida. Kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Ba a gane bakin zaren sai an raba doka da jagora, sannan an san gurbin da kyanwa take a cikin dabbobin da dokar ƙasar ta sani.

Dabba iri uku, hukunci iri uku

Ta farko ita ce dabbar sha'awa, wadda mutum ya ajiye don yana sonta kawai. A yawancin jihohin Amurka mai gida yana da ikon rubutawa a yarjejeniyar haya cewa ba a shigo masa da dabba. Idan kuma ya yarda, yakan ɗora kuɗi: wani ya karɓi kuɗin ajiya da za a mayar idan ba a yi ɓarna ba, wani ya karɓi kuɗin da ba ya dawowa, wani kuma ya sa wa dabbar nata kuɗin haya duk wata, kai ka ce ita ma ɗaki aka ba ta.

Ta biyu ita ce dabbar aiki, wadda aka horar ta yi wa mai nakasa wani aiki takamaimai, kamar karen da ke yi wa makaho jagora ko wanda ke ankarar da kurma idan ƙararrawa ta kaɗa. Wannan tana ƙarƙashin Dokar Amurkawa Masu Nakasa ta 1990, kuma tana shiga kanti da gidan abinci da otal tare da mai ita. Tun watan Maris na 2011 ƙa'idojin Ma'aikatar Shari'a suka taƙaita wannan matsayi ga kare, tare da wani tanadi na daban ga wani nau'in ƙaramin doki. Kyanwa, komai wayonta, ba ta cikin wannan sahu.

Ta uku ita ce dabbar kwantar da hankali, wadda Amurkawa ke taƙaita sunanta da haruffan ESA. Ba a buƙatar ta koyi komai. Amfaninta shi ne zamanta kusa da mai ita yana rage masa raɗaɗin wata lalura, kamar matsanancin ciwon damuwa, ko yawan fargaba, ko firgicin da ke bin wanda ya ga tashin hankali. A nan kyanwa take samun gurbi. Gurbin kuma ƙarami ne: ba ya buɗe mata ƙofar kanti ko ta gidan abinci, gidan da mutum yake kwana kawai ya shafa.

Inda haƙƙin ya samo asali

Ranar 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta haramta wariya a harkar sayar da gidaje da ba da haya. Da farko launin fata da addini da asalin ƙasa ta kare. A 1988 aka yi mata gyara aka shigar da masu nakasa. Gyaran ya ce wariya ce mai gida ya ƙi sassauta wata ƙa'idarsa, muddin sassaucin bai wuce kima ba, kuma mai nakasa yana buƙatarsa don ya mori gidan kamar kowa. Nakasa a ma'anar dokar ta haɗa ta jiki da ta ƙwaƙwalwa, matuƙar tana tauye wani babban ɓangare na rayuwar mutum ƙwarai, kamar tafiya ko barci ko aiki ko kula da kai.

Wannan sashe na dokar bai ambaci dabba ba ko sau ɗaya. Misalin da ƙa'idojin ma'aikatar suka kawo a lokacin na makaho ne da karensa a ginin da aka hana dabbobi. Sannu a hankali kotuna da ita ma'aikatar suka faɗaɗa fahimtar: idan ana ɗage wa makaho ƙa'idar hana dabba saboda idonsa, ana iya ɗage ta ga wanda ciwonsa ba ya ganuwa. Ke nan haƙƙin na mutumin ne. Ba a yi wa kyanwa rajista, babu kuma wata hukumar gwamnati da ke ba ta lamba ko kati ko riga.

Abin da jagorar 2020 ta shimfiɗa

Takardar da HUD ta fitar a watan Janairun 2020 ta zo ne lokacin da ƙorafi ya yi yawa. Ita kanta ta ce kusan kashi 60 cikin 100 na koke-koken da ake kawowa ƙarƙashin dokar sun shafi nakasa da hana sassauci, kuma masu alaƙa da dabbobi suna ƙaruwa. Sai ta jero wa masu gidaje matakai.

Idan nakasar ba a bayyane take ba, mai gida zai iya neman shaida daga ma'aikacin lafiya da ya san mutumin, cewa akwai lalura kuma dabbar tana taimakawa. Ba shi da hurumin tambayar sunan ciwon ko neman fayil ɗin asibiti. Takardar da aka saya a shafin intanet, wadda ake ba duk wanda ya amsa 'yan tambayoyi ya biya kuɗi, ba ta isa hujja ita kaɗai ba. An lissafa kyanwa cikin dabbobin gida na yau da kullum, tare da kare da zomo da ƙananan tsuntsaye da kifi da kunkuru, saboda haka mai kyanwa ba ya ɗaukar nauyin ƙarin bayanin da ke kan mai son ajiye biri ko maciji. An shawarci mai gida ya ba da amsa cikin kwana 10. An kuma ce kada a karɓi kuɗin dabba ko kuɗin ajiya a kanta, amma idan ta yi ɓarna ɗan haya zai biya.

Mai gida na iya ƙi idan wannan dabbar, ita kanta, barazana ce ga lafiyar wasu ko za ta yi wa dukiya mummunar ɓarna, kuma babu dabarar da za ta rage hakan. Zato da labarin abin da kyanwar wani ta taɓa yi ba sa cikin hujja.

Jagora dai sunanta jagora. Majalisa ba ta zartar da ita ba, ita ma takardar ta faɗi cewa ba ta ƙara wa kowa wani nauyi a kan abin da doka ta riga ta ɗora ba. Janye ta bai goge gyaran 1988 ba, bai kuma soke hukunce-hukuncen da kotuna suka yanke a baya ba. Abin da ya tafi shi ne ma'aunin da mai gida da ɗan haya da lauyoyinsu suke komawa gare shi idan gardama ta tashi.

Kasuwar takardu

Ba a fahimtar tsaurin da ake gani yanzu sai an waiwayi jiragen sama. Shekaru da dama fasinja na iya hawa jirgi da dabbar kwantar da hankali kyauta idan ya nuna wasiƙar likita. Nan kasuwa ta buɗe. Shafuka suka cika intanet suna sayar da wasiƙa da kati da 'yar riga mai rubutu, wani lokaci cikin awoyi kaɗan, ba tare da wanda ya sa hannun ya taɓa ganin mai sayen ba. A watan Janairun 2018 wata fasinja ta isa filin jirgin Newark da ɗawisu, kamfanin United ya hana ta hawa da shi, hoton tsuntsun ya zagaye duniya. A watan Disamban 2020 Ma'aikatar Sufuri ta sauya ƙa'ida, daga Janairun 2021 kamfanonin jirage suka sami damar ɗaukar irin waɗannan dabbobi a matsayin na sha'awa. Kyanwa ta koma cikin kejinta, da kuɗinta.

Jihohi su ma suka motsa. Fulorida a 2020 ta mayar da gabatar da takardar ƙarya laifin da ake hukuntawa, har da awa 30 na aikin al'umma. Kalifoniya daga Janairun 2022 ta ce sai ma'aikacin lafiya ya yi kwana 30 yana hulɗa da mutum kafin ya rubuta masa wasiƙa, kodayake lafazin dokar a kan kare ya yi magana. Wanda ya fi shan wahalar wannan kasuwa shi ne mai lalurar gaske, domin wasiƙarsa ta likitan da ya shekara yana gani tana isa teburin manajan gini tare da guda goma na bogi, kuma da ido ɗaya ake kallonsu.

Me ke tsakanin mai gida da kyanwa

Wanda ya tashi a gidan da kyanwa ke yawo a tsakar gida, ta kama ɓera, ta haura katanga ta dawo, zai yi mamakin wannan rigima. Ga Musulmi ma kyanwa ba abar ƙyama ba ce. Laƙabin sahabi Abu Huraira daga 'yar kyanwa ya samo asali, kuma sauran ruwan da ta sha bai zama najasa ba. Shi ya sa Musulmin da likita ya ba shawarar ajiye dabba zai fi karkata ga mage a kan kare. Sai dai gidan haya na Amurka ba shi da tsakar gida. Ɗakuna ne a rufe, da kafet daga bango zuwa bango, ƙarƙashinsa soso, ƙarƙashin soson katako.

Kyanwar cikin gida tana biyan buƙatarta a wani akwati mai yashi na musamman. Idan akwatin ya ƙazantu, ko tana ciwon mafitsara, ko muzuru ne da ba a fiɗiye ba yana shata yankinsa, sai ta koma wani lungu. Fitsarin ya ratsa kafet, ya jiƙa soso, ya sauka a katako. Ɗan haya ya goge sama, hancinsa kuma ya saba, ya rantse babu komai. Ranar da ya kwashe kayansa, mai gida ya buɗe ƙofa zarni ya tare shi. Wanki ba ya fitar da shi. Sai an ɗaye kafet da soso, an shafe katakon da wani fenti mai toshe wari, wani lokaci a sauya katakon ɗungurungum. Ga kuma sawun farata a jikin ƙofa da labule da ragar taga.

Akwai kuma borin jini. Abin da ke tayar wa mutane atishawa da ƙaiƙayin ido da asma wani sinadari ne mai suna Fel d 1, wanda ke fitowa daga yawun kyanwa da fatarta. Tana lasar jikinta, ya bushe, ya bi iska, ya maƙale a kafet da bango, ya yi watanni bayan ta bar gidan. A ginin da maƙwabci ke da asma mai tsanani, masu lalura biyu ne ke fuskantar juna, kuma dokar ba ta ce wane ya fi wane ba. Abin da aka saba yi shi ne neman tsaka-tsaki: a nisanta ɗakunansu, a raba musu hanyar shiga, a sa na'urar tace iska.

Wasu masu gidaje kan ce sun yarda amma a cire wa kyanwar farata. Aikin ya wuce yankan farce, yanke ƙashin ƙarshe na kowane yatsa ne. Jihar Niyok ta haramta shi a 2019, sai don magani, kuma a Kalifoniya mai gida ba shi da ikon gindaya shi a matsayin sharaɗin haya.

Hujjar kowane ɓangare

Masu gidaje suna cewa asarar a kansu take ƙarewa. An hana su karɓar kuɗin ajiya tun farko, kuma bin wanda ya tashi ya bar gari don ya biya kuɗin kafet wahala ce da ba kowa ke jurewa ba. Suna ƙarawa da cewa ba su da hanyar tantance wasiƙa, tunda tambaya kaɗan za ta iya jawo musu ƙarar wariya. Maƙwabcin da ke biyan kuɗin kyanwarsa duk wata kuma yana ganin na kusa da shi ba ya biya, sai shi ma ya nemo takarda.

Masu kare haƙƙin nakasassu suna amsawa da cewa ba a cajin mai keken guragu don tayoyinsa za su goge kafet. Mai fama da ciwon ƙwaƙwalwa sau da yawa samunsa kaɗan ne, ganin likita a Amurka kuma tsada gare shi, saboda haka kowane sabon sharaɗi shi yake fara kayarwa kafin mai takardar bogi, wanda ke da kuɗin sayen wata. Suna kuma nuna cewa ciyar da dabba da share mata akwati yana tilasta wa mutum tashi daga gado a ranar da ba ya son ganin kowa.

Ta fuskar kimiyya, binciken da aka yi a kan waɗannan dabbobi kai tsaye bai da yawa. Wani nazari da aka fitar a 2021 daga Jami'ar Toledo ta jihar Ohayo ya bi masu fama da ciwon ƙwaƙwalwa tsawon shekara bayan an ba su kare ko kyanwa, ya ga damuwa da fargaba da kaɗaici sun ragu. Mutum 11 ne kacal a ciki. Alama ce mai ƙarfafa gwiwa, amma ba ta kai a rufe muhawara da ita ba, kuma likitoci da dama suna ɗari-ɗari da rubuta wasiƙar saboda haka.

Maganar kuɗi, inda ƙasa ta fi motsi

A ƙaddara wata ɗaliba ce da kyanwa biyu. Ginin da take so yana karɓar dala 300 a shiga a kan su biyun, sannan dala 40 duk wata a kan kowace dabba. A shekarar farko dala 1,260 ke nan a kan kuɗin haya. A ƙarƙashin jagorar 2020, idan wasiƙarta ta inganta, ba ta biyan ko sisi daga ciki. Amma ko a lokacin ana iya tambayarta abin da ya sa take buƙatar biyu, domin kowace sai an nuna alaƙarta da lalurar. Cewa sun saba da juna ba za a raba su ba, magana ce ta jin daɗin kyanwoyin.

A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Loper Bright, ta rushe wata ƙa'ida ta 1984 da ke sa alƙalai bin fassarar ma'aikatun gwamnati idan lafazin doka bai fito sarai ba. Shekara guda bayan haka, a watan Yulin 2025, wata kotun tarayya a jihar Luwiziyana ta yanke cewa ba dole ne kullum mai gida ya yafe kuɗin dabba ba. Sai ɗan haya ya nuna cewa yafewar kanta wajibi ce kafin ya iya zama a gidan, kuma ba ta wuce kima ba. Hukuncin kotu ɗaya ne, bai ɗaure sauran kotunan ƙasar ba. Duk da haka, da aka janye jagorar bayan wata biyu, lauyoyin masu gidaje sun sami abin kamawa. Batun a bar kyanwa ta zauna yana da tushe mai ƙarfi a hukunce-hukuncen baya. Batun ta zauna kyauta shi ne ya koma abin jayayya, kuma amsarsa za ta iya bambanta daga jiha zuwa jiha, tunda jihohi da birane da yawa suna da nasu dokokin hana wariya da hukumomin da ke aiwatar da su.

Wasu ƙasashen ta wata hanya suka bi, ba su ɗora maganar a kan nakasa ba. Tun 1970 dokar Faransa ta ce sharaɗin hana dabbar gida a yarjejeniyar haya ba ya aiki, lardin Ontariyo na Kanada ma yana da irin wannan doka. Ingila a watan Oktoban 2025 ta zartar da dokar da ta ba ɗan haya damar neman izinin ajiye dabba, mai gida kuma ba zai ƙi ba sai da dalili mai kama hankali. Inda kowa zai iya ajiye kyanwa, babu mai buƙatar sayen wasiƙa.

Abin da zai shafi mai neman gida

Wasiƙar da ta fi tsayawa da ƙafarta ita ce ta likita ko mai ba da shawara da yake ganin mutum a kai a kai, mai lasisi, da sa hannunsa da kwanan wata da hanyar tuntuɓarsa. Doka ba ta wajabta a nemi sassaucin a rubuce ba, kuma ana iya nemansa kafin shiga gida ko bayan an shiga. Amma wanda ya ɓoye kyanwa wata shida, sai da aka ganta a taga sannan ya fito da takarda, ya raunana kansa a gaban manaja da alƙali. Hoton kafet da ƙofofi a ranar shiga, da shaidar allurar rigakafi da ta fiɗiya, suna rage gardama ranar fita.

Shi ma mai gida akwai tarko a gabansa. Wanda ya ji an janye jagora ya koma korar duk mai wasiƙa ba tare da dubawa ba, dokar 1988 tana nan tana jiransa. Ɗan hayan da aka hana yana da shekara 1 ya kai kuka HUD, ko shekara 2 ya shigar da ƙara kotu, ban da hukumomin jiha.

Dokar tarayyar ba ta hau kan kowane gida ba. Ginin da bai wuce gidaje 4 ba, wanda mai shi yake zaune a ɗaya daga ciki, an keɓe shi. Haka gida guda da mai shi ya bayar haya da kansa ba tare da dillali ba, idan irin gidajen da ya mallaka ba su wuce 3 ba. Irin waɗannan su ne sabon zuwa, ɗalibi ko ma'aikaci, ya fi samu a farkon zamansa: ɗakin ƙasa a gidan wani, ko hawa na biyu a gidan da mai shi ke zaune a ƙasa. A nan wasiƙar likita, komai ingancinta, ba ta tilasta wa mai gida komai a dokar tarayya. Sai a duba ko dokar jihar ko ta birnin ta rufe wannan giɓi, kamar yadda wasu suka yi, in kuwa ba ta rufe ba, magana ta koma ga yardar mai gida da abin da aka rubuta a yarjejeniya.